Sabuwar laftof ta zo da Windows 11, ina son komawa 7 ko 10: lasisina ya ba ni dama?

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema. Na sayi sabuwar laftof, ta zo da Windows 11 a kanta tun daga kamfani. Ina da injin yanka sitika da na daɗe ina aiki da shi, manhajarsa ba ta buɗewa sai an soka wani ɗan makulli mai kama da filashi a jikin kwamfuta. A tsohuwar laftof ɗina mai Windows 7 lafiya lau yake aiki. A sabuwar kuwa manhajar ta shiga, amma kullum sai ta ce ba ta ga makullin ba, alhali ga shi nan a soke. Kamfanin injin ya daina fitar da sabuntawa tuni. Shin zan iya sauke 11 in ɗora 7, ko aƙalla 10? In na yi hakan, lasisin da ya zo da laftof ɗin ya wadatar, ko sai na sayi wani?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. Kwamfutarki ce, kuɗinki kika sa. A samu filashi mai giga 8, a ɗora masa Windows 10, a yi wa laftof ɗin fomatin a zuba. Da kin haɗa ta da intanet za ki ga lasisin ya kunna kansa. Kullum shi nake yi wa mutane, ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Hajiya kafin kowa ya taɓa laftof ɗin nan, ki shiga Settings, System, About, ki faɗa mana abin da aka rubuta: Home ko Pro? Duk amsar tambayarki ta biyu a nan take.

Bilkisu: Na duba Malam. Windows 11 Home.

Malam Nura: To, a takarda ba ki da haƙƙin saukowa. Bari in yi bayani dalla-dalla don na san za a yi mini ca.

A cikin sharuɗɗan lasisin Windows akwai sashe guda da ya yi magana a kan komawa tsohon bugu. Abin da ya ƙunsa shi ne, wanda ya sayi na'ura da bugun Pro a kanta tun daga kamfanin da ya ƙera ta, yana iya amfani da tsohon bugun Pro a madadinsa. Mai Windows 11 Pro a da yana iya sauka zuwa 10 Pro. Mai 10 Pro a da yana iya sauka zuwa 8.1 Pro ko 7 Professional. Bugun Home ba ya cikin wannan rabo, bai kuma taɓa shiga ba. Sannan ko mai Pro ɗin an gindaya masa sharaɗi: damar tana nan ne muddin Microsoft na tallafa wa tsohon bugun. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020. Na 8.1 ya ƙare 10 ga Janairu, 2023. Na Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoba, 2025. Kin ga ko Pro ce a hannunki, ƙofar ta riga ta rufe. Kuma daga 11 zuwa 7 kai tsaye dama babu wannan hanya a lasisin da ke zuwa da laftof.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi: ko lokacin da damar take da rai, ba a ɗora wa Microsoft ko kamfanin laftof nauyin ba ka faifai ko lambar tsohon bugun ba. Kai za ka nemo abinka.

Sadiq: Malam Nura da girmanka, wannan karatun takarda ne. Ni aiki nake gaya maka. Laftof mai 11 Home in ka zuba mata 10 Home, kunnuwa take yi, ta rubuta maka cewa an kunna da lasisin dijital. In da haramun ne a wurinsu me ya hana su toshe? Su fa suke da sabar da ke amsawa.

Malam Nura: Ban musa maka cewa tana kunnuwa ba, Sadiq. Tun zamanin Windows 8 a 2012 aka daina manna sitikar lamba a ƙarƙashin laftof, aka koma dasa lambar a cikin BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin babban allon kwamfuta wadda take tayar da ita. Windows 10 da 11 kuma tsarin lambobi ɗaya suke amfani da shi, shi ya sa 10 Home take karanta lambar 11 Home ta karɓa ba gardama. Har ma ba ta tambayarka wane bugu kake so, da kanta take zaɓar Home saboda abin da ta gani a BIOS. Amma sabar kunnawa lamba kawai take dubawa, ba ta karanta yarjejeniya. Hajiya ba tambaya ta yi ko za ta kunnu ba, cewa ta yi lasisinta ya ba ta dama? Amsar ita ce a'a.

Sadiq: To wa zai zo gidanta ya duba?

Barista Hauwa: Sadiq, tambayarka ita ce wa zai kama ta, tambayar Hajiya ita ce me take da haƙƙi a kansa. Kowacce da muhallinta. Maganar gaskiya, mutum ɗaya da laftof ɗaya a ɗakinsa ba shi ne abin da kamfanonin manhaja suke bi ba. Inda abin yake cizo shi ne ma'aikatu da kamfanoni masu kwamfutoci da yawa, waɗanda suka sa hannu a kwangilar da ta ba mai manhaja damar binciken lasisinsu. A can in aka ƙirga aka ga bugun da ke kan na'ura bai dace da takardar saye ba, biya ake yi.

Amma ina so in gyara maganarka ta farko, inda ka ce kwamfutarta ce kuɗinta ta sa. Ƙarfen nata ne, babu ja. Tana iya goge komai ta sa abin da ta ga dama, tana iya barinta babu komai a kai. Windows ɗin da ke ciki kuwa ba sayar mata aka yi ba, izinin amfani aka ba ta bisa sharuɗɗa, kuma ta amince da su ranar da ta fara kunna laftof ɗin ta danna maɓallin yarda. Ko mun ji daɗin tsarin ko ba mu ji ba, haka yake a rubuce. Yadda kotu za ta ɗauki kowane sharaɗi kuma ya danganta da dokar ƙasar da mutum yake.

Abba: Wannan fa shi ne abin da ke ba ni haushi da manhajar da ba a buɗe take ba. Ka biya kuɗi, sannan a ce ba ka da ikon amfani da tsohon abin da kamfanin da kansa ya yi, wanda ma ya fi sabon araha a idonsu. Me suka yi asara in Hajiya ta koma 10? A Linux, manhajar kyauta da ake sawa a madadin Windows, babu mai tambayarka. Ka ga dama ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, ta shekara goma baya, lasisinta bai hana ka ba. Hajiya ki zo mu sa miki Linux Mint ki huta.

Injiniya Kabiru: Abba, kowace tambaya aka yi a zauren nan amsarka Linux. Injin yanka sitika ne da makullin kariya. Wine, wanda ake sawa a Linux, yana iya buɗe manhajar Windows, amma ba ya ɗaukar irin direban da makullan nan suke buƙata, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka soka mata. Za ka raba ta da matsala ɗaya ka haɗa ta da uku.

Abba: Injiniya ban ce dole ba, shawara ce. Amma maganata a kan haƙƙin tana nan.

Baffa Garba: Abba bari in ba ka labarin lokacin da abin ya yi tashe, don mu muna cikin aikin lokacin. Wannan dama ta saukowa ba don tausayin mai gida aka yi ta ba, don ma'aikatu aka yi ta. Da Windows Vista ta fito a farkon 2007 don ta gaji Windows XP, ma'aikatu da yawa suka ƙi ta. Tana da nauyi, direbobin firinta da sikana ba su shirya ba, manhajojin ofis da aka rubuta don XP suna ta tuntuɓe. Ma'aikata kuwa ba za ta daina sayen sababbin kwamfutoci ba don kawai Microsoft ta canja manhaja. Sai aka riƙa sayen na'ura da lasisin Vista Business ko Ultimate, a ɗora mata XP Professional. Kamfanonin kwamfuta da kansu suke turo ta a haka, XP a ciki, sitikar Vista a jiki. Microsoft ta ƙirga ta sayar da Vista, ma'aikata ta ci gaba da XP ɗinta, kowa ya samu abin da yake so. Haka aka sake yi da Windows 8 ta zo da allon nan mai tayal-tayal, mutane suka riƙa sayen 8 Pro suna komawa 7.

Don haka ba mantuwa aka yi da Home ba. Da gangan ne. Damar saukowa tana cikin abubuwan da ake sayar da Pro da tsada saboda su, tare da shiga hanyar sadarwar ofis da sauransu. Manyan ma'aikatu masu kwangilar lasisin jumla kuwa tasu damar ta fi faɗi, suna iya komawa baya fiye da bugu ɗaya ko biyu.

Abba: Baffa ai ka ƙara tabbatar da maganata. Haƙƙin mutum aka mayar kayan sayarwa.

Baffa Garba: Ban ce ka yi ƙarya ba. Na dai gaya maka dalili.

Zainab: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni tawa na mayar da ita daga 11 zuwa 10 da maɓalli ɗaya, kuma Home ce. A Settings, System, Recovery akwai wurin da aka rubuta Go back. Ko filashi ban nema ba. Anti Bilkisu ki duba can.

Malam Nura: Malama Zainab, taki da 10 ta zo, ko?

Zainab: Eh, daga baya ta hau 11 da kanta.

Malam Nura: To taki daban ce. Ke lasisin 10 kika saya tun asali, aka ba ki hawa 11 kyauta, kika fasa kika koma gida. Wannan babu wanda zai ce miki don me. Maɓallin da kika danna yana aiki ne saboda lokacin hawa ana ajiye tsohuwar manhajar a wata jaka mai suna Windows.old, kuma kwana 10 kawai ake ba mutum kafin a share ta. Ana iya tsawaita wa'adin zuwa kwana 60 da umarnin DISM, amma sai an yi kafin goman su cika. Laftof ɗin Hajiya ba ta taɓa ganin 10 ba, babu abin da za ta koma gare shi, maɓallin ma a dushe za ta same shi.

Injiniya Kabiru: Ku bar ni in ajiye maganar takarda gefe in yi ta ƙarfe, don ko da Microsoft ta rubuto wa Hajiya wasiƙar izini da hannunta, Windows 7 ba za ta zauna a laftof ɗin bana ba.

Windows 7 ta 2009 ce. Ba ta san USB 3 ba, don haka da kin tayar da ita daga filashi, filashin da kansa zai ɓace mata, wani lokaci har da linzami da allon rubutu. Ba ta san ma'ajiyar NVMe, irin ta sababbin laftof, ba sai an cusa mata gyara. Ba ta aiki da kariyar tashi ta Secure Boot, kuma tana son tsohon salon tashi na BIOS wanda sababbin laftof da yawa suka cire gaba ɗaya. Tun 2017 Microsoft ta toshe sabuntawar 7 da 8.1 a kan firosesar Intel ƙarni na 7 da Ryzen na AMD, balle na yanzu. In ma wani gwani ya yi dabara ta tashi, babu direban hoto, babu na Wi-Fi, babu na abin taɓawa. Sannan Chrome ya tsaya a bugu na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. A cire 7 daga lissafi.

Windows 10 tana iya shiga, amma ba kullum cikin sauƙin da Sadiq yake faɗa ba. A laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama sau da yawa in ka zo wurin zaɓar inda za a zuba manhaja sai ka ga wayam, babu ma'ajiya, sai ka kawo direban Intel RST a filashi ko ka kashe VMD a BIOS. Firosesar Intel daga ƙarni na 12 tana da ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kuma 11 ta fi 10 iya raba musu aiki. Kamfanoni da yawa sun daina sa direbobin 10 a shafin sababbin samfuransu. In kuma laftof ɗin mai firosesar Snapdragon ce, a manta da zancen kwata-kwata.

Amma duk wannan ba shi ne ya dame ni ba. Hajiya, tsohuwar laftof ɗin tana tashi har yanzu?

Bilkisu: Tana tashi Injiniya, batirin ne ya mutu, sai a jikin wuta, kuma ta yi nauyi sosai.

Injiniya Kabiru: Madalla. Ki kunna ta, ki danna dama a kan Computer, ki zaɓi Properties, ki duba layin System type. 32 aka rubuta ko 64?

Sadiq: Kafin ta dawo, Hajiya in lasisi ne damuwarki akwai lambobin Pro da ake sayarwa a intanet da kuɗi kaɗan. Ki sayi ɗaya ki mayar da Home ɗinki Pro, shi ke nan kin shiga layin masu haƙƙi. Ko kuma a sa miki LTSC, wato bugun Windows 10 na ma'aikatu mai dogon tallafi, ita har yanzu ana tallafa mata.

Malam Nura: Sadiq ka haɗa abubuwa uku, kowanne da matsalarsa.

Sharaɗin ya ce Pro ɗin ta zo a kan na'urar daga masana'anta. Wanda ya sayi Home ya ɗaga ta zuwa Pro daga baya, ko ta halastacciyar hanya ce a shagon Microsoft, bai cika wannan sharaɗin ba. Haka wanda ya sayi Windows a kwali ko ya saya shi kaɗai a intanet: nasa lasisin yana da wata falala, yana iya cire shi daga wannan kwamfuta ya kai wata, amma ba shi da damar saukowa. Na kan laftof kuwa a manne yake da ita, tare suke rayuwa tare suke mutuwa.

Lambobin arahar nan kuma mafi yawansu daga kwangilar ma'aikatu ko makarantu aka zaro su, ko daga rajistar masu rubuta manhaja, aka sayar wa mutane da yawa lamba ɗaya. Yau ta kunnu, bayan wata shida a toshe ta. Duk mai son sanin irin lasisin da ke kan kwamfutarsa ya buɗe Command Prompt ya rubuta slmgr /dli. In ya ga OEM, na masana'anta ne. In ya ga RETAIL, na saye ɗaiɗai ne. In ya ga VOLUME da KMS a kwamfutar gida wadda ba ta wata ma'aikata ba, to wani ya yi masa dabara ne, don irin wannan kunnawar kwana 180 take yi sai an sabunta ta daga sabar ma'aikata.

LTSC gaskiya ne tana da sauran rai. Enterprise LTSC 2021 tana zuwa Janairun 2027, ta IoT, wato ta na'urori na musamman, kuma har Janairun 2032. Amma ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane ita a shago, ta hanyar kwangilar jumla ko masu ƙera na'urori na musamman take fitowa. Lambar da ke BIOS ɗin Hajiya ba za ta kunna ta ba.

Abba: Amma Malam ai a Turai an halatta sayar da lasisin hannu. Ba duk mai araha ne ɓarawo ba.

Barista Hauwa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka Abba. A watan Yulin 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisin manhaja na dindindin yana iya sayar da shi ga wani, ko da sauke manhajar ya yi daga intanet, da sharaɗin ya daina amfani da nasa kwafin. A kan wannan hukunci akwai kamfanoni a can da suke cinikin tsofaffin lasisi a fili, da takardun da ke nuna daga hannun wa ya fito. Sai dai abu biyu. Hukuncin na yankin Tarayyar Turai ne, ba na duniya ba. Sannan lamba tsirara da aka turo maka a saƙo, babu shaidar asalin mai ita, babu shaidar ya goge nasa, ba ita kotun take nufi ba. Lambar hanyar kunnawa ce kawai, haƙƙin yana cikin sarƙar takardun.

Bilkisu: Injiniya na dawo. An rubuta 32-bit Operating System.

Injiniya Kabiru: Abin da nake zargi ke nan. Hajiya, ko an sauke miki zuwa Windows 10 makullin nan ba zai yi aiki ba.

Ga dalili. Manhaja mai 32 tana gudana a kan Windows mai 64 ba matsala, shi ya sa manhajar injin ta shiga ta kuma buɗe. Direba kuwa ba haka yake ba. Shi a cikin zuciyar Windows yake zama, dole ya zama jinsi ɗaya da ita. Direban da ke faifan injinki na 32 ne, Windows 11 kuma 64 kaɗai ake yin ta, babu mai 32 sam. Windows 10 da Sadiq zai zuba miki ita ma 64 ce, don sabuwar laftof ba za ta karɓi mai 32 ba: tsarin tashinta na 64 ne, kuma babu direbobin 32 na kayan cikinta. Tun bugun 2004 na Windows 10, wato a 2020, Microsoft ta daina ba masana'antu mai 32. Da an goge miki laftof, an sha wahalar direbobi, an bar ki da manhajar da tallafinta ya ƙare, sannan ki soka makulli ya sake cewa bai gan shi ba.

Sadiq: To ai ba ta faɗi 32 ba ce tun farko.

Injiniya Kabiru: Ba ta faɗa ba don ba a tambaye ta ba. Kai filashi ka fara nema.

Shugaban zaure: Jama'a a yi a hankali, a tsaya a kan matsalar Hajiya.

Bilkisu: Ikon Allah. To yanzu Injiniya mene ne abin yi? Injin nan lafiyarsa ƙalau, ba zan jefar da shi don ɗan makulli ba.

Injiniya Kabiru: Ba za ki jefar ba in sha Allahu. Abu na farko, ki zare makullin ki duba jikinsa da kyau. Galibi ba kamfanin injin ne yake ƙera makullan nan ba, saye yake daga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan, kuma su sukan ci gaba da fitar da direba ko bayan mai injin ya rufe shago. In babu suna a jiki, ki soka shi a sabuwar laftof, ki buɗe Device Manager, za ki ga wani abu da alamar rawaya. Ki shiga Properties, Details, ki zaɓi Hardware Ids, ki turo mana lambobin da ke bayan VID da PID. Da su za mu gane wanda ya yi shi, mu nemo direbansa na 64 daga shafinsa na asali.

In an samu direban ya shiga amma Windows ta ce ba za ta ɗora shi ba, sai mu duba Memory integrity a cikin Windows Security, ƙarƙashin Device security da Core isolation. Sababbin laftof suna zuwa da shi a kunne, kuma yana hana tsofaffin direbobi da yawa tashi. Ana iya kashe shi, amma kariya ce ake ragewa, don haka ba da shi za a fara ba.

Shi kansa injin ma ki duba da wace waya yake haɗuwa. In mai tsohon kai ne mai fil tara da ake sa wa adafta zuwa USB, adaftar ma tana da nata direban.

Abba: In duk bai yi ba akwai kwamfutar cikin kwamfuta. A sa VirtualBox a kan 11 ɗin, a zuba Windows 7 mai 32 a ciki, a miƙa mata makullin da injin ta USB. Ba a goge komai ba. Kun ga ban ce Linux ba.

Injiniya Kabiru: Wannan karon ka yi magana. Yana aiki sau da yawa, kuma VirtualBox ko VMware ne suka dace, don Hyper-V, wato irin nasu na Microsoft, babu shi a Home, kuma bai iya miƙa USB kai tsaye yadda makulli yake so ba. A dai yanke wa ta cikin intanet.

Bilkisu: To in haka ne sai in yi amfani da lambar da ke sitikar ƙarƙashin tsohuwar laftof ɗin, tunda tawa ce?

Malam Nura: A nan ma dai zan sake zama mai ɓata biki, Hajiya. Windows ɗin da ke cikin VirtualBox ana ƙirga ta a matsayin kwamfuta ta daban, tana buƙatar nata lasisin. Lambar sitikar nan ta masana'anta ce, an ɗaure ta da waccan tsohuwar laftof, ba a ɗauke ta a kai wani wuri ko da laftof ɗin ta mutu. Lasisin 11 Home na sabuwar kuma kwafi ɗaya ya ba ki, wanda kike kai yanzu. Abin da zai halatta miki wannan hanya shi ne cikakken lasisin Windows 7 na kwali, irin wanda ake iya ɗauka daga na'ura zuwa na'ura, kuma Microsoft ta daina sayar da shi shekaru da yawa. Ko Windows 10 ma ta daina sayarwa a shafinta tun ƙarshen Janairun 2023.

Sadiq: Kun gani ko? Duk hanyar da aka bi sai Malam ya ce an rufe. Mutum yana son ya bi doka, an hana shi inda zai saya. In ba a sayarwa, wa aka cuta in ta yi amfani da lambarta?

Barista Hauwa: A nan ina tare da kai rabi, Sadiq. Tsarin da zai hana mutum abu kuma ya ƙi sayar masa da shi, tsari ne da ya cancanci suka, kuma masana dokar haƙƙin mallaka sun daɗe suna muhawara a kan manhajojin da masu su suka yi watsi da su. Amma daina sayarwa ba ya kashe haƙƙin mallaka, shekaru masu yawa yake ɗauka kafin ya faɗi. Abin da ba na so shi ne a ce wa mai tambaya "babu komai" alhali akwai. A gaya mata yadda abin yake, ita ta zaɓa da idonta a buɗe.

Baffa Garba: Ni kuwa duk kun tsallake hanya mafi sauƙi. Tsohuwar laftof tana tashi, lasisinta halas ne a kanta har ranar da za ta daina numfashi, injin ya saba da ita. Ƙarewar tallafi ba ta soke lasisin wanda yake da shi, sabuntawa kawai ake daina turo masa. A cire mata tsohuwar ma'ajiya mai juyawa a sa SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri, nauyin nan zai ragu sosai. A kashe mata Wi-Fi, kada ta sake ganin intanet. Hajiya ta yi zanenta a sabuwa, ta ɗauka a filashi ta kai wa tsohuwa ta yanka. Masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje da yawa haka suke tafiyar da injinan da suka fi kwamfutocinsu tsawon rai. Abin da ya faru a watan Mayun 2017 da cutar kwamfuta ta WannaCry, har asibitocin Ingila suka tsaya, kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwa ba tare da gyaran tsaro ba ya bi. Wadda ba ta haɗe da komai ta tsira daga irin wannan, sai dai a kula da filashin da ake soka mata.

Zainab: Baffa to mu masu 10 a kan intanet fa? Tawa ina aiki da ita kullum.

Malam Nura: Ke ki shiga shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro, ana yin rajistarsa daga Windows Update in kina kan bugun 22H2. Da aka fara shi, wa'adin da aka sa wa na mutanen gida shi ne 13 ga Oktoba, 2026. Tunda taki ta taɓa hawa 11, ta cika sharuɗɗanta ke nan, kina iya komawa duk ranar da kika shirya.

Bilkisu: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na fasa goge sabuwar. Na zare makullin, akwai wani suna da aka rubuta ƙanana a gefensa wanda ba na kamfanin injin ba ne. Zan ɗauki hotonsa da lambobin da Injiniya ya ce in turo. Kafin nan zan ci gaba da tsohuwar kamar yadda Baffa ya ce. In za a sa mata SSD ɗin, lasisin nata ba zai lalace ba?

Injiniya Kabiru: Ba zai lalace ba, canja ma'ajiya ba ya mayar da ita wata kwamfuta, babban allon ciki ne ake dubawa. Amma kada a yi mata sabon zubi. A kwafe tsohuwar ma'ajiyar gaba ɗaya zuwa SSD ɗin yadda take, da Windows da manhajar injin da direban makullin, don in aka goge ba lallai a sake samun wasu abubuwan ba. Tsohuwar ma'ajiyar kuma ki adana ta, kada a yi mata fomatin. Ki ɗauki hoton sitikar ƙarƙashin ma tun lambar ba ta goge ba. Turo VID da PID ɗin in kin samu.